Gurbi na Bakwai, In Ji Preben

Preben Skovgaard ba ya rubuta komai. Shekara goma sha tara ke nan yana kula da sabobin asibitocinmu uku na yammacin Jylland, manyan kwamfutocin da ake tara hotunan ƙashi da na huhun marasa lafiya a cikinsu, amma ko lamba ɗaya ba za ka tarar ya manna a jikin na'ura ba. In aka tambaye shi wace waya ce ta tafi ina, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da ɗan yatsa.

"Tana nan ciki."

"To, ranar da mota ta kwashe ka da kai da keken naka fa?" na tambaye shi, tun ina sabuwar zuwa.

"Sai ku yi kuka sosai, Bodil. Ke musamman."

Ɗan masunci ne, amma teku ba ta karɓe shi ba. Ko jirgi na ɗaure a tasha, ruwa ya ɗan motsa, sai amai. Shi ya sa ya koyi gyaran rediyon jiragen kamun kifi, ya kuwa iya, har daga wasu garuruwa ake kawo masa. Sai zamani ya zo da rediyon da ba a gyara ta: a cire, a jefar, a ɗaura sabuwa, ɗan littafin da ke cikin kwalin ya gaya wa kowa yadda ake yi. Yana da shekara arba'in da ɗaya aka sallame shi. Bai taɓa ce mini wannan ne dalilinsa ba, ni na haɗa da kaina. Wanda littafi ya taɓa raba shi da aikinsa ba zai zauna ya rubuta wani da hannunsa ba.

A ofishinmu duk wanda ya tafka kuskure shi ke kawo kek washegari. Ni na kawo ya fi sau goma. Preben bai taɓa kawowa ba, kuma shi ke fara yanka, yana ci yana tambayar wane gidan burodi ne, wai don ya san inda zan koma wata mai zuwa. Ina dariya tare da kowa. Ban yafe ba.

Wata Talata da safe, ƙarfe tara da 'yan mintoci, faifai ɗaya ya mutu.

Faifai goma sha biyu ne a jere cikin akwati ɗaya, kowanne a gurbinsa kamar aljihun tebur. An tsara su yadda in ɗaya ya mutu, sauran sha ɗayan za su riƙe komai har a sa sabo. In biyu suka fita a lokaci guda, an rasa duka. Ga shi na'urar da ke ɗaukar mana kwafin ajiya kwananta goma sha ɗaya a wurin gyara. Ke nan duk wanda ya zare faifai mai rai a maimakon mataccen, ya shafe hotunan kwana goma sha ɗaya na asibiti uku.

Da a ko'ina ne, aikin minti biyu ne. Jar fitila za ta kama a gurbin mataccen, ka zare, ka sa sabo. Amma shekara shida da suka wuce allon bayan akwatin ya ƙone, Preben ya sa wani, ya jona wayoyin yadda tsawonsu ya kai, ba yadda masu ƙirar suka tsara ba. Tun daga ranar lambar da kwamfuta ke faɗa ba ita ce lambar gurbi ba, jar fitilar kuma a ƙofar wani gurbin take kamawa. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wane faifai ne ke ina.

Muka sauka ɗakin na'urori a ƙarƙashin gini, ni da kwamfutar cinya, shi da sabon faifai a hammata. Ɗakin sanyi kamar firji, fankoki na ta huci, sai mutum ya ɗaga murya.

"Kwamfuta ta ce faifai na uku. Fitila ta ce gurbi na huɗu," na ce. "Kai me ka ce, dattijo?"

"Na bakwai."

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ɗora babban yatsansa a kan maɓallin gurbi na bakwai. Sai bai danna ba.

Preben ba ya tsayawa tunani a gaban na'ura, ban taɓa gani ba. Yanzu kuwa leɓensa na motsi, yana ƙirga daga hagu. Ya kai ƙarshe, ya sake dawowa farko. A nan na gane ba shi da tabbas, na kuma gane zai danna, don a wurinsa gara ya danna da ya juyo ya ce mini ya manta.

Zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba. Ban hana shi ba. Kamar numfashi uku ina tsaye a bayansa, raina na cewa: danna mana, gwani. Da na so in ce marasa lafiya na tuna, waɗanda za a bi ɗaya bayan ɗaya a waya a ce su dawo a sake ɗaukarsu. Ba su na tuna ba. Ƙeyarsa na gani. A cikin wannan sanyin gumi ne ke gangarowa yana shiga wuyan rigarsa.

"Tsaya," na ce. "Akwai wata dabara da na daɗe ina son gwadawa. Ka bar ni in yi wasa na minti goma."

"Ɓata lokaci," in ji shi. Amma hannun ya sauka tun kafin ya rufe baki.

Dabarar ba tawa ba ce, duk ɗan sana'ar ya san ta, shi ma ya sani. Ban da jar fitila, kowane gurbi na da koriya, ita kuwa faifan da kansa ne ke kunna ta in yana aiki, ba ruwanta da yadda aka jona wayoyi. Mai rai zai amsa kira, matacce ba zai amsa ba. Na zauna a ƙasa na buɗe kwamfuta, na miƙa masa salatif rawaya da alƙalami. Zan sa faifai ɗaya ya yi ta karatu ba hutu, koriyarsa ta tsaya cak, shi kuma ya manna mata salatif ya rubuta lamba.

"Na ɗaya!"

"Gurbi na biyu."

"Na biyu!"

"Na ɗaya. Ai na gaya miki na sani."

"Ba ka gaya mini komai ba, tsoho. Manna."

Na tsallake na uku, mataccen. Na huɗu ya amsa a gurbi na shida. Na kira na biyar.

Preben ya tsaya da alƙalami a hannu. Na ɗago kai. Koriyar gurbi na bakwai ce ke haske tangaram, a daidai inda yatsansa yake ɗazu.

Ya yago salatif, ya naɗe masa a yatsa, ya jefar ya yago wani. Na yi zaton ranar da zan kama Preben da kuskure zan ji daɗi. Abin da na ji kawai shi ne ina son in kwanta a ƙasan nan in rufe ido.

"Na shida," na ce, da muryar da ba tawa ba.

Muka ƙarasa. Salatif goma sha ɗaya, gurbi ɗaya tal ba komai a fuskarsa: na tara. Ya zaro shi a hankali, ya juya shi, ya karanto mini doguwar lambar da ke jikinsa, harafi harafi. Ta yi daidai da wadda ke kan allona. Ya tura sabon ya shiga, ya ce ƙas. Koriyoyi goma sha biyu suka hau ƙyaftawa tare, suna cika wa baƙon cikinsa.

Aikin cikawar ya ɗauki awa biyar, kuma kafin ya ƙare ba mu fita haɗari ba. Ba wanda ya hau sama. Torben, shugaban sashenmu, ya kira sau biyu.

"An gano shi?"

"An gano."

"Ai na san Preben zai sani."

"I," na ce. "Yana nan kusa da ni."

Wajen azahar muka fito bakin ƙofa, inda ƙara ta ɗan yi sauƙi. Preben ya kifa kwali ya zauna, ya kwance baƙin burodinsa da kifi, ya tsura masa ido.

"Mantuwar nan ba yau ta fara ba," in ji shi. "Tun bazara. Makon jiya na tsaya a ƙofar nan ina neman lambar makulli, sai da na yi kamar ina amsa waya har wani ya zo ya buɗe."

"Ka ga likita?"

"Asibiti uku nake wa aiki, yarinya. Duk sun san fuskata."

"Akwai na huɗu a gaba. Ina da mota."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya raba burodin biyu ya miƙo mini babban ɓarin, abin da bai taɓa yi ba.

Ƙarfe uku saura allon ya nuna an kammala, ba hoto ɗaya da ya ɓace. Na juya in gaya masa, na tarar ya jingina da bango, baki a buɗe, yana munshari a hankali. Na ɗauke wayarsa daga cinyarsa, duk wanda ya kira na ce ya bar saƙo.