Tekun Mai Aski

Matafiyi ake ce masa a layin, kuma tsokana ce zalla, don bawan Allahn nan ko tashar mota ka gan shi, to rakiya ya yi. Mai aski ne. Shagon ɗan tsukuku, kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, sai fanka da ƙararta ta fi iskarta yawa. Hannunsa na kanka, hankalinsa kuwa yana can bakin teku. Sai ya tsaya cak da almakashi a sama, ya ƙura wa madubi ido, har sai ka yi gyaran murya ya dawo.

Sunan ya samo asali ne daga wani shafi da ya buɗe a intanet tun yana saurayi, ya raɗa masa "In Na Tafi". A nan yake zuba garuruwan da bai taɓa takawa ba, da jiragen ruwa masu fitilu, da teku wanda ya ce ƙamshinsa irin na tawul ne da aka wanke aka shanya a rana. Ina ya shaƙo? Oho. Ana nan mahaifinsa, mai shagon, ya kwanta ciwo, shi kuwa ya karɓi kujerar na ɗan lokaci. A cikin ɗan lokacin nan ya yi aure, ya tara iyali, ya yi furfura. Shafin ya zauna shiru, shi kansa ya manta lambar shiga.

Sai ga autarsa ta samu gurbin karatu a wani gari mai nisa, garin kuma a bakin teku. Murna kamar ya taka rawa, duk kan da ya zo hannunsa sai ya sha labari. Amma wata la'asar ta shigo shagon, ta zauna a kujerar aski, waya a hannu, idonta ya yi ja.

"Baba, na fasa tafiyar."

"Kin fasa me?"

"Na ga shafinka, na karanta duka. Kai ne mai son tekun, ni ko a jikina. Ta yaya zan je in gani, kai kana nan kana sharar gashin mutane?"

Ya ajiye almakashin. Ya san halin Auta, in ta kafe, ko uwarta ba ta iya tanƙwara ta. Tsoro ya kama shi sosai: mafarkin da bai kai shi ko'ina ba, ga shi zai hana 'yarsa tafiya.

Kwanaki yana juya abin, injin aski na kuka a hannunsa. Ya goge shafin? Ai ta riga ta karanta. Ya ce mata wasa yake yi? Ƙarya ce, kuma za ta gane. Yana cikin haka ya kalli madubi, a karo na farko ya ga abin da ke ciki maimakon abin da yake hangowa. Ga layin nan a bayansa: tela na faɗa da kekensa, mai gyaran takalmi na gyangyaɗi, rana ta sauka a kan kwanon maƙwabta tana ƙyalli kamar ruwa. Ashe duk wannan Auta za ta bari, kuma babu mai ba ta labarinsa.

Ya kira ta ta nemo masa hanyar shiga. Da yatsa ɗaya, a hankali, ya goge sunan shafin, ya rubuta "Ina Nan".

"Ga yadda za mu yi," in ji shi. "Ni zan riƙa rubuta miki layin nan, ke ki rubuto min tekun a ƙasa. In kika zauna, wa zai gaya min ko gaskiya na faɗa? Haka za ki bar ubanki ya tsufa da ƙarya a baki?"

Ta yi dariya tana hawaye. Ta tafi.

Tun daga nan yake rubutu kullum, tsakanin kai da kai. Tela ya yi sabon haƙori, fanka ta mutu ta farfaɗo, uwar Auta har yanzu takan zuba abinci da rabon Auta. Mai karatu ɗaya gare shi, bai kuma nemi ƙari ba.

Wata safiya yana tsakiyar yi wa tela aski, waya ta yi ƙara. Saƙo ne a ƙasan shafin: "Baba, na je. Ƙarnin kifi yake yi, wallahi. Jiya na wanke tawul na shanya, na sa fuskata a ciki, sai na ji ƙamshin shagonka."

Ya daɗe a tsaye, waya a hannu. Tela, da rabin kai a aske, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya hango fuskar Matafiyi a madubi, ya fasa, ya jira.