Cukun da bai jira girbin acca ba

Karatuna a aji huɗu ya tsaya. Duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan sai ya je ya tuhumi tifar da na tsufa ina tuƙawa, ita ta cinye sauran ajujuwan. Amma a fannin cuku ba na sunkuyar da kai ga kowa a Nasarawa Gwom, ko da yake gaskiya ni kaɗai ke yin sa a unguwar.

Malamina wani tsoho ne Birom, wanda ya yi wa Turawan kuza girki tun yana saurayi. Na san shi lokacin da na kai masa yashi yana gini, muka yi faɗa a kan inda zan juye, daga nan muka zama aminai. Ni Kuku nake ce masa, shi kuma Direba, har 'ya'yanmu suka girma suna tsammanin sunayen yanka ne.

Da ciwon gwiwa ya sauke ni daga mota, zama ya ishe ni, ni kuma na ishi matata. Ran nan Kuku ya zo ya tarar da Bafulatanar da ke kawo mana madara tana aunawa a ƙofar gida. Ya leƙa ƙwaryar ya girgiza kai.

"Direba, madara kamar wannan, kullum a fura take ƙarewa? Ba ku da tausayi."

Abin da ya koya mini ba cukun da muka sani ba ne, irin na Turawa ne, mai kwana da kwanaki kafin a ci. Ana neman tumbin ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba, a sa gishiri a busar, a jiƙa ɗan yanki. Na ce ni zan riƙa sayowa a Abattoir wajen mahaucin da na sani, don in san wanda ya yanka. Ya ce in tambayo har sunan uban maraƙin. Sai a ɗumama madara, ba a bari ta yi zafi, a zuba ruwan tumbin a rufe. In ta kama a yayyanka da wuƙa, a tace a farin ƙyalle, a matse. Turawa na da abin matsewarsu. Ni tsohon jak ɗin tifa na sa tsakanin katako biyu, kuma har yau ina ganin da Turawan sun gani da sun yi kishi.

Daga nan sai hidima. A ɗora cukun a kan katako a ɗakin baya mai sanyi, kullum a juya, a goge da ruwan gishiri. Shi ya sa muka raɗa masa Oga: yana zaune, mu muna yi masa aiki. Matata ta ce a duk zaman aurenmu ban taɓa shafa mata ko man zafi da irin wannan ladabi ba. Na farkon da muka yi kuwa, ta rantse ɓera ne ya mutu a rufi.

Kuku na da doka ɗaya da ba a taɓawa. Ana yin cuku farkon damina, lokacin da shanu suka ƙoshi, ba a sa masa wuƙa sai an girbe acca. Ko kallon wuƙa na yi sai ya ɗaga ludayi.

Da gari ya rikice, kowa ya koma cikin nasa, shi ma ya bar gidan da na kai wa yashi ya koma wajen 'yarsa, can gaba da Abattoir. Duk da haka yakan hau Keke ya zo duba Oga, ya zauna a tabarmata yana kushe komai.

Bara muka yi mafi girma da muka taɓa yi. Ranar matsewa na ga wandonsa na neman faɗuwa, na ce ko 'yar tasa ta fara yi masa awon tuwo ne. Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Bayan nan bai ƙara zuwa ba, sai waya.

"Ka juya Oga?"

"Na juya."

"Ƙarya kake, daga nan ina jin ba ka juya ba."

Tsakiyar damina, ana irin ruwan nan na Jos mai shiga ƙashi, sai ga 'yarsa da lema a ƙofar gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi zama.

"Baba, likita ya ce ba zai kai girbi ba. Ba mu gaya masa ba. Ba ya cin komai, kullum zancen cukun nan. Don Allah ka kawo masa."

Na ce, "'Yata, in na kai masa yanzu ai na gaya masa ke nan. Mutumin nan ya fi sanin lokacin cuku a kan lokacin coci."

"To ka ce ya nuna da wuri."

Bayan ta tafi na yi dabara irin ta direba, na ce bari in ƙara masa wuta. Na ɗauko Oga na ajiye kusa da murhu don ya yi sauri. Kafin la'asar ya fara zufa, mai na tsattsafowa ta bayansa. Matata ta ɗauke shi, ta goge, ta naɗe a sabon zaninta da ko ɗinki ba a yi masa ba, ta ɗora mini a cinya.

"Malam, tashi ka tafi. Ka gaishe shi."

Na same shi kwance an jingina shi da filo, bargo har wuya. Da ba don idanun ba, da na ce na ɓata ɗaki. Na shiga da hayaniya don kada fuskata ta tona ni.

"Kuku, tashi ka yi gaisuwa, Oga ya zo da kansa. Bana ya nuna da wuri, madarar ce mai ƙarfi."

Ya zaro hannu daga bargo. Ya danna gefen da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya sa aka matso masa da shi ya sansana. Ya daɗe yana sansanawa.

"Direba, an girbe acca ne a unguwarku?"

"Mu a Nasarawa Gwom ba ma jiran kowa."

Bai yi dariya ba. Ya juya ya kalli 'yarsa, ita kuma ta tsura wa taga ido kamar ba ta taɓa ganin ruwan sama ba. Ni na rasa inda zan sa nawa idon, sai na shiga gyara zanin da ba abin da ya same shi. Na ji Keken da ya kawo ni yana tashi a waje.

"To," in ji shi. "A kawo wuƙa."

Ya ce shi zai yanka. Wuƙar ta tsaya a ɓawo, ta ƙi shiga. Na ɗora hannuna a kan nasa muka danna tare. Cikin fari ne fat, ko alamar rawaya babu. Ya gutsuri ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya sa a harshe, ya lumshe ido.

"Gishiri ya yi yawa. Kuma wani jaki ya ajiye shi kusa da wuta."

"Matata ce."

"Kada ka yi wa Hajiya ƙazafi a ɗakina."

Ya ƙara gutsura sau ɗaya, 'yarsa ta fita da sauri. Sai ya shiga ba ni umarni kamar kullum: in shafe inda muka yanka da man shanu, in mayar ɗakin baya, in ci gaba da juyawa. In lokaci ya yi in kawo wa yarinyar nata kason, ko ba ta so ta ci. Na ce yaushe ya zama oga har yake aikena. Ya ce in tafi kafin ruwa ya ƙaru, gwiwata ba ta da kirki.

Acca na tsaye koriya a gona aka binne Kuku.

Na yi duk abin da ya ce. Da aka girbe na yanka, cukun ya yi kyau, sai dai gefen da muka taɓa ya bushe ya yi tauri kamar taya. Na kai wa 'yarsa nata. Ta ci a gabana tana yatsina fuska tana cewa akwai daɗi, na ce ta daina wahalar da kanta, ubanta ma bai taɓa yabawa ba.

Bana ma Bafulatanar ta zo farkon damina da madara mai kyau, ta tambaya ko babbar tukunya za a cika. Na ce a'a, ƙaramar. Yanzu ƙanana nake yi, masu nuna da wuri.