Gitar da Na Shafe a Layi na Uku

Jama'a, wannan labarin ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ko yau aka kawo Alƙur'ani zan dafa. A Tawa ne, zamanin mulkin soja, shekarar da fari ya dawo ya kwashe dabbobin arewacin Adar, mutanen daji suka cika bakin gari da bukkoki. Lokacin gyaran rediyo nake yi a kasuwa, amma abin da ke raina kiɗa ne, irin na gita mai lantarki da Turawa ke kira rok. Na samu wata rikoda wajen wani Bature malamin sakandare da zai koma ƙasarsu, mai ɗaukar layi huɗu a kaset ɗaya, wato ka ɗauki ganga daban, murya daban, gita daban, daga baya ka zauna ka ɗaga wannan ka sauke wancan har su daidaita, sannan ka juye a uwar kaset wadda daga ita ake kwafa. Na kafa ta a ɗakina, na liƙa kwalayen ƙwai a bango, na rataya tsohuwar katifa a ƙofa, batirin mota ke ba ta wuta.

Ni da abokina Ila muke abinmu, shi ganga da waƙa, ni gita, kuma duk unguwar in aka ce mai gita, to ni ake nufi. Ana haka sai Ila ya jawo mana wani Buzu dogo siriri mai suna Gumar, daga wajen Takanamat, wanda raƙumansu suka ƙare ƙarƙaf, ba abin da ya shigo gari da shi sai wata gita duk ta sha faci. Tsirkiyarta ɗaya ta tsinke ya sa wayar birkin keke a madadinta. Na yi dariya a raina. To, ranar da ya zauna ya taɓa ta, dariyar ta koma ciki, don ni da na shekara goma ina fama, abin da yatsun mutumin nan suka yi ko a mafarki ban taɓa yi ba. Kafin wata guda, 'yan fadarmu da muke shan shayi tare in na iso sai su leƙa bayana su ce, ina Gumar? Kai, abin nan ya ci mini rai! Kuma abin haushin, mutumin ba shi da laifi ko ɗaya, kullum maigida yake kirana, shi ke ɗaukar mini lasifika.

Muka ɗauki wata waƙa a kan farin. Layi na ɗaya ganga, na biyu gitata ta rakiya, na huɗu muryar Ila, na uku kuwa Gumar, shi ke jan kiɗan. Ba ya waƙa, ya ce muryarsa ko jaki ba zai saurara ba, don haka duk abin da yake nasa a kaset ɗin gitar nan ce. Sau ɗaya ya kaɗa, bai maimaita ba, da ya gama Ila ya juya baya yana share ido. Ni kuwa ina zaune gaban rikoda ina murmushin yaƙe.

Kwana biyu bayan haka Gumar ya zo sallama, zai koma arewa ya taho da sauran danginsu da suka maƙale a wata rijiya. Ya tsaya a ƙofa ya ce, “Maigida, amanata na bar maka. In ka haɗa, ka aje min guda, yayata nika so ta ji.” Na ce ya tafi ba komai.

Ku fahimci wani abu. A zamanin nan hukuma ba ta son kaset ɗin gitar Buzaye, ana iya tsare mutum a kansa, saboda haka ba wanda ke rubuta suna a jikin kaset, in an tambaya wa ya kaɗa, da baki ake faɗa. Wannan shi Shaiɗan ya riƙe ni da shi. Na yi mako ina sa layi na uku ina koyon kiɗan yatsa bayan yatsa, har na ga na iya. Wata rana bayan azahar na rufe ƙofa, na jona gitata, na danna jan maɓalli a kan layi na uku, na kaɗa nawa bisa nasa daga farko har ƙarshe. Wanda ya san rikoda ya san abin da aka ɗora wa sabo ya tafi ke nan, ba boka ba malam. Na mayar na saurara, ni ne, tsaf, har da wani wuri kusa da ƙarshe inda yatsana ya ɗan zame. Ban ji kunya ba a lokacin, kar in yi muku ƙarya, daɗi na ji.

Washegari na zauna haɗawa. Na ɗaga ganga, na rage wa muryar Ila kaifi, na tura gitar rakiya gefe, na sa tawa ta ja gaba. Abu ɗaya ya dame ni, allurar da ke nuna ƙarfin layi na uku ba ta bin hannuna. Inda na san na yi shiru sai in ga ta harba, inda na buga da ƙarfi sai ta kwanta. Na ce datti ne, na share kan rikodar da auduga, na canja waya, na sake ɗaure batir, tana nan yadda take. Ni mai gyaran rediyo ne, na san allura ba ta motsi sai da sauti, amma na ce ta lalace, na juye a sabuwar uwar kaset da na ɓare daga leda da hannuna.

Da la'asar na kai fada, na sa a rediyo, na harɗe ina jiran a tambaye ni. Kiɗa ya tashi, ni kiɗan hannuna nake ji, mai zuba shayi kuwa ya tsaya da buta a sama. Sai Ila ya buga cinya ya ce, “Kai! Hannun Gumar na! Ku ji wayab birkin ga yadda taka kuka!”

Na ce, “Wace waya? Ni na kaɗa wanga.”

Aka kwashe da dariya, wani ya ce in bari har a sake haihuwata. Na rantse, na ce su jira kusa da ƙarshe za su ji inda yatsana ya zame. Wurin ya zo, na ji shi rangaɗau a kunnena, na nuna rediyo da yatsa, su kuwa a daidai nan suka yi kabbara wai Gumar ya yi wani hawa da bai taɓa yi ba. Ila ya dube ni ya ce, “Mi ka damunka? Ƙyashin har ya kai ga kunne?” Na ɗauki kaset ɗin na bi mutane da shi kwana uku, mai nama, wani direba, har kakata da ba ta san gita ba, ita ma ta ce wannan abin da ke zirr a ciki kamar ƙudan zuma fa? Gitata ba ta da waya mai zirr.

Gumar bai dawo ba. Bayan wata biyu wata mata ta yi sallama a gidanmu da hantsi, ramammiya, lulluɓe da baƙin zane, ta ce ita ce Tekna, yayarsa. Zazzaɓi ya kama shi a hanyar dawowa, a can suka binne shi. Ban tambaye ta wace rana ba, har yau ba na so in sani. Ta ce, “Ƙanena ya ce ya bar sautinai wurinka. Shi na zo in ji.”

Na san abin da na yi, na san abin da kunnena ke ji, in ita ma ni ta ji, me zan ce mata? Na shimfiɗa mata tabarma, na danna. Ina jin kiɗana mai sanyi kamar tuwon jiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai, yatsunta na motsi a kan gwiwa, hawaye na zuba. Da ya ƙare ta ce, “Shi na. Wanga kiɗin ni na koya mai shi da goge tun yana ƙarami. Allah shi biya ka, ka riƙe amana.” Na ba ta kaset ɗin, ta ƙulle a bakin zane ta tafi.

Dama na riga na kwafi wani na ajiye, yana nan a akwatina. Shekarun nan duka na sa shi a rediyo iri-iri, na sa 'ya'yana sun saurara, su ma Gumar suke ji, har babban ya taɓa tambayata me ya sa ban koya wajensa ba. Ban san mene ne wannan ba, na tambayi wani malami, ya ce in yi istigfari.

Don haka ina gaya muku, in Allah ya ba wani abin da bai ba ku ba, ku zauna ku ji daɗinsa tun yana kusa, kar ku kai hannu. Ni sai da na shafe na gane ba kiɗan da nake so a duniya kamar nasa. Da shi nake ƙyashi, yanzu kuwa duk wanda na ga ya lumshe ido gaban rediyon nan shi nake yi wa ƙyashin, don kowa a Tawa yana jin Gumar, ni kaɗai nake jin kaina.