Saƙon da Na Kawo daga Salfon

Daga Tasawa

Da aka sallame Asuba na fita daga gida, jaka a hammata. A cikinta akwai bargo da carbi na Baba Sale, dattijon da muka yi shekaru muna sayar da albasa rumfa ɗaya a Salfon, wani gari na bakin teku a Gana. A hannuna ya cika, bayan ya sa na yi alkawarin kai wa yayarsa Inna Tabawa labari baki da baki. Ba abin da na ƙi jini kamar kai saƙon mutuwa, amma alkawarin mamaci ba ya tashi.

Ranar kasuwar Mayahi ce, motar da na shiga a tasha ta cika da mutane da buhunan wake. Direba ya rantse yanzu za mu tashi, sai da rana ta fito sannan ya tafi neman esansi, wato man fetur. A shingen jandarma kowa ya nuna katinsa, muka bi jar hanya, gonakin hatsi dama da hagu, an gama girbi sai karmami.

Mayahi

Mun sauka da hantsi. Na sha fura a bakin tasha, na sami mai amalanken shanu ɗan ƙauyen su Inna, ya ce idan kasuwa ta watse zai tafi da ni. A hanya sansa ɗaya ya tsaya cak yana kiwo. Mai amalanken ya daka masa tsawa: "Tahi mana! Ko Salfon za ka?"

Na ce, "Malam, ina ka san Salfon?"

Ya yi dariya. "Ban san ta ba. Garinmu in abu ya ɓace, ko mutum ya tahi babu labari, sai mu ce ya tahi Salfon. Wani Sale ne ya tahi can tun ina goye, har yau shiru."

Na ƙara rungume jakar, raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya ya zama abin yi wa sa tsiya a garinsu.

Ƙauyen su Inna

Gab da Magariba muka isa. Inna Tabawa ta tsufa, idanunta sun yi hazo. Na durƙusa muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye da zancen damina. Ita ce ta katse ni.

"Ɗana, aje abin da ka ɗauko."

Na miƙa mata bargon, sannan carbin. Ta shafa shi, ta yi salati, hawaye suka zubo, ba ta ɗaga murya ba. Can ta ce, "Wannan suna Salfon da ya cinye mini ƙane, mi yake nuhi?"

Na ce, "Inna, Turanci ne. Ma'anarsa tafkin gishiri, don can da gishiri ake kwasa a wurin."

Ashe abin da ke cinta ke nan shekara da shekaru, domin an taɓa gaya mata cewa mutanen bakin teku ba su da maƙabarta, ruwa suke jefa gawa.

"Gaya mini gaskiya. Ƙasa ya kwanta?"

"Ƙasa, Inna. Yana fuskantar alƙibla."

"Da ruwan gishirin nan aka yi mishi wanka?"

"Da ruwan daɗi. Ni na ɗebo, ni na wanke shi da hannun nan."

Sai ta laluba ta kama hannuna, ta riƙe shi ta daɗe ba ta saki ba. Ni ma a nan kukan da na danne tun Gana ya ƙwace mini.

A zauren maigari na kwana. Da safe aka yi addu'a a ƙofar masallaci, aka raba gumba. Da mutane za su tashi, Inna ta aiko a shaida musu: Sale bai ɓace ba, an san kabarinsa, kada wanda ya sake kiran Salfon a kan ɓatacciyar akuya. Mai amalanke ya sunkuyar da kai.

Komawa

Shi ya mayar da ni Mayahi. San ya sake tsayawa a wurin jiya, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe, ya taɓa shi da sanda kawai.

Na iso Tasawa bayan La'asar, jaka ba komai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa mutanen ƙauyen da suka karɓi baƙo mai mummunan labari. Allah ya jiƙan Baba Sale.