Dabinon da na aika wa Yari

Har yau in na ji ƙarar almakashi a bakin Marwa, inda mata ke rage gashi bayan sun gama Umra, kakata nake tunawa. Abin da ake yankewa bai wuce gaɓar yatsa ba, amma ita da ta ga almakashi ya doso kanta sai ta janye kanta. Ba mai taɓa mata kai sai ya tambaya tukuna: "Kin yarda, Hajiya?" Sai ta ce ta yarda, sannan a taɓa. Mu yara mun ɗauka fi'ili ne irin na tsofaffi.

A unguwar Rusaifa muka tashi, kuma ka san Hausar ɗan haihuwar Makka: mun san tuwo, mun san "zo nan" da "bari", sauran duk Larabci. Shi ya sa da na tsinci innata tana raɗa wa maƙwabciya cewa kaka ta yi zaman gidan yari can gida, kafin ta biyo hanyar Sudan, sai na ɗauka Yari wani ɗan'uwa ne mai kirki da ya riƙe ta. Har haushin mutanen gidanmu nake ji, kowa ana aika masa tsaraba ban da shi.

Wata shekara bayan an sauko daga Mina, ana zafin nan da fanka ma iska mai ɗumi take hurawa, wani dattijo ɗan garinsu kaka ya zo sallama zai koma gida. Falo ya cika da ƙanshin turaren wuta da shayi mai na'ana'a, kowa na ba shi saƙo. Ni ma na ƙullo dabino a leda, na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, a kai wa Yari. A ce jikar Hajiya na gaishe shi, mun gode da riƙon da ya yi mata."

Babana ya miƙe ya rufe taga, ya ce halas, zance ya ƙare, yara su shiga ciki. Kaka kuwa dariya ta yi har da hawaye, ta riƙe hannuna ta ce ni dai ba inda za ni.

"Hajiya, don Allah," in ji babana. "Mu baƙi ne a nan, iƙamarmu, takardar zamanmu, a hannun mutane take."

"Sun aske ni ba su tambaye ni ba," ta ce. "Kai ma za ka rufe min baki ba ka tambaye ni ba?"

Ta cusa yatsuna ƙarƙashin ɗankwalinta. Na ji tabo layi-layi, wuraren da gashi bai sake fitowa ba. A ranar na san gidan yari kurkuku ne. Da ƙuruciyarta gida-gida take bi tana tara mata, tana ce musu su ma suna da bakin magana a kan wanda zai mulke su, kuma ba ta ɓoye cewa tana tare da masu adawa ba. Aka kai ta gaban alƙali da laifin tara mata ba izini. Bai bari ta ce uffan ba. A bakin kotu aka kwance babana daga bayanta, a ciki kuma aka aske ta da fasasshiyar kwalba.

Na dubi babana, kansa a sunkuye. Na tausaya masa ƙwarai, don shi ma ba a tambaye shi ba aka raba shi da ita, ko da yake ba ya iya tunawa. Dattijon ya karɓi dabinon, ya ce Yari dai ba zai ɗanɗana ba, amma akwai wata tsohuwa da suka yi zaman tare, ita zai kai wa.

Kaka ta daɗe da rasuwa, mun koma unguwar Ka'akiyya, inda gidan haya ya fi sauƙi. Kwanan baya 'yata ta nuno min waya: wata mata a wata ƙasa, tsaye a kejin kotu, an ɗaure ta saboda ta soki masu mulki. Ta tambaye ni da Larabci yaya ake cewa kurkuku da Hausa. Na ce gidan yari.

"Waye Yari?" ta ce.

Mijina ya miƙe zai rufe taga. Na ce ya bar ta a buɗe, na jawo yarinyar kusa da ni.