Madam Tanna da Ta Durƙusa wa Biba

Kullum kafin rana ta yi zafi za ka tarar da Madam Tanna ta shimfiɗa tabarmi a ajin ƙanana na lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a Urafane, ta zazzage buhunta. Ba komai ciki sai littattafan da ta yi da hannunta. Kwalin sukari take yankawa, ta ɗinke da zaren buhu, ta zana da bik, wato biro, ja da shuɗi. Ga yaron da ya kifar da furar kakarsa, ga yarinyar da fushi ya sa ta jefi ƙanenta da ludayi. Zanen kam, Allah na tuba, akuyarta ta fi kama da jaki. Amma a shafin ƙarshe mai laifi kan ce "yi haƙuri", yara su maimaita baki ɗaya.

Wata shekara Biba, ɗiyar Jatau makiyayi, ta kawo wa Madam tsarabar nono, ta yi tuntuɓe, ƙwaryar ta kife kan littafin da Madam ta fi so. Zanen ya narke. Madam ta daka mata tsawa har ajin kusa suka ji. Washegari ba Biba. Jatau ya aiko cewa da ma da ƙyar ya yarda da lakwal, ɗiyarsa ta koma kiwo ke nan.

Abokan aiki suka ce wa Madam ta aika da alewa kawai, babba ba ya ba yaro haƙuri. Ina! Ran kasuwa ta hau amalanke har ruga. Masu tatsar shanu sun gani da idonsu, ta durƙusa gaban yarinyar da ba ta kai ƙugunta ba.

"Biba, ba da gangan kika yi ba. Ni ce mai laifi. Ki yafe mani."

Jatau ya ce wa Biba ta ɗauko takalmanta ta koma lakwal.

Madam Tanna, bana kin aje alli, mu kuwa wallahi muna alfahari da ke. Ke ce kika saba wa ƴaƴanmu da kalmar da mu iyayensu muke jin nauyinta. Allah shi saka maki da alheri. Biba ta gama karatu, ita za ta karɓi ajin da buhun. Littafin nan mai tabon nono yana ciki, Madam ta hana a sake zana shi.

Iyaye da malamai, duk wanda ya san ya yi wa yaro tsawa kan abin da ba ganganci ba, ya kira shi yau ya ba shi haƙuri. Madam sai da ta hau amalanke. Namu yaran suna nan tsakar gida.