Gemun da Na Baro a Matatar Mai

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Apo a Abuja, a bas ɗin wani ɗan kwangila. Ni mai walda ne. Na fi shekara ashirin ina ƙona ido a garejin Apo, abin da na tara bai wuce ciwon baya ba. Tun da aka rushe rumfata nake zaman kashe wando a gindin bishiya, ga mata ga yara, ga buhun masara ya kai gindi. To da aka ce ana neman lebura a wata matatar mai can kudu, ban tambayi irin aikin ba. Na ɗauki jaka kawai.

A Gwagwalada muka ɗauki wani manomi ɗan Gbagyi daga Paikon Kore, da doyarsa a buhu kamar mai zuwa gaishe da surukai. Kusa da ni ya zauna. Hanyar kuwa kun san ta: rami, tirela a kwance, shinge, sai kuma wani ramin. A Lokoja mata suka yanyame motar da soyayyen kifi. Na tambayi kuɗin guda ɗaya, da na ji sai na sayi burodi da ruwan leda. Kogin yana nan a gabanka, amma kifin kamar daga Makka aka kawo shi. Bayan Okene ƙasa ta sauya, bishiyoyin manja ko'ina, ruwan sama ba sallama, yara na ɗaga dodon koɗi a bakin titi. Manomin ya ce da daɗi. Na ce Allah ya ba shi lafiyar ci.

Washegarin isarmu matatar aka tara mu a gindin abin da suke kira riyakta. Tukunyar ƙarfe ce a tsaye, tsawonta kamar hasumiyar masallacin Juma'a. Cikinta cike yake da 'yan ƙwayoyi kamar guntayen taliya, katalis sunansu. Mai ke bi ta cikinsu, su tsotse masa farar wuta da sauran datti. In suka daɗe sai su mutu, su yi baƙi ƙirin, a kwashe a zuba sababbi. Mataccen ya fi mai rai sharri: in ya sha iska, da kansa yake ɗaukar zafi har ya kama wuta, ga gubar da ya tara. Shi ya sa kafin mu zo sun wanke cikin da sinadari, suka bari ya huce, sannan suka cika shi da wata iska, naitirojin, wadda wuta ba ta ci a cikinta. Mutum ma ba ya rayuwa a cikinta. Ba wari, ba launi.

Masu shiga ciki ƙwararru ne, da hular ƙarfe da igiya a ƙugu. Mu namu riƙe mesa a bakin tukunyar a sama, da rufe durom a ƙasa. Amma kowa sai ya sa takunkumin roba mai gilashi, wanda ke rufe fuska duka, iska na zuwa masa ta tiyo.

Mai kula da lafiyar ma'aikata wata 'yar kudu ce da ta tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta ta fi ta rabin Abuja. Tana bin layi ta tsaya a kaina.

"Baba, wannan gemun ba zai hau sama ba."

"Yarinya, tun kina firamare nake da shi."

Ba ta yi musu ba. Ta sa na ɗaura takunkumin, aka kifa min wani buhu a ka, ta fesa wani abu a ciki. Kafin na ja numfashi sosai, ɗaci kamar shuwaka ya sauka a harshena. Robar ba ta kwanta a fata ba, a kan gashi ta zauna.

"Inda ɗacin nan ya bi, nan mutuwa za ta bi," in ji ta.

Sai wani bakanike ɗan garejinmu ya ce, "Oga madam, ai da sauƙi. A shafa masa giris, ko gam ɗin gaskit. Injin da ke yoyo haka muke masa." Wallahi har ya buɗe gwangwani, ni kuma har na miƙa haɓa. Mutumin Apo bai yarda akwai ramin da ba ya toshuwa ba.

Ta yi dariya har ta dafa ƙarfe, sannan ta ɗaure fuska. "Inji in ya sake yoyo a mayar da shi gareji. Shi Baba ina zan mayar da shi? Ko reza, ko ya bi motar da za ta koma gobe."

Na koma gefe na kira malamina. Ya ce lalura ce, ciyar da iyali wajibi ne, gashi kuma yana tsirowa. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta sanyaya min ba. Na tuna manyan da ke sa hannu a irin wannan kwangila a Abuja, gemu har ƙirji, ana shafa masa turare a cikin sanyin ofis. Ba wanda ya taɓa nuna musu reza. Kullum talaka ake ce wa ya cire wani abu kafin ya ci abinci.

Manomin nan ne ya same ni a bayan kwantena. "Baba Apo, zauna, ni ke aske yarana. Gemu ɗin nan ciyawa ce, damina ɗaya ta dawo." Ya juya ni na ba mutane baya, ya kori masu leƙe da rezar a hannu. Ya aske gemun tas. Ya tattara gashin a leda ya ba ni da hannu biyu. Na tona rami a gindin shingen waya na binne. Haɓata ta yi sanyi kamar kazar da aka fige.

Aikin kansa ba wani abin labari ba ne. Zafi a cikin rigar roba, ƙarar injin da ke zuƙo katalis, durom ya cika a jefa masa wata ƙanƙara mai hayaƙi a rufe, a mirgino wani. Ɗan abin da ya zube ƙasa sai ka ga ya fara turiri, a sheƙa masa ruwa a kwashe. Abinci garin rogo da miyar manja, safe da rana, sai doyar manomin da ta cece mu da yamma.

Wata rana ina sama riƙe da mesa, wani ɗan tsuntsu ya sauka a bakin tukunyar. Ya leƙa ciki. Bai ko buɗe fiffike ba, ya faɗo kusa da takalmina kamar an jefo tsumma. Ina kallonsa ta gilashi, na kai hannu na danna robar haɓata. A kwance take. Daga ranar ba sai an tuna min aski ba, da kaina nake yi.

Da aka rufe durom na ƙarshe muka kamo hanya. Mun sauke manomin a Gwagwalada, buhunsa wayam. A gida matata ta buɗe ƙofa ta dube ni ta ce, "Wa ake nema?" Sannan ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. A masallaci kuma wani tsohon ma'aikacin gwamnati ya kama hannuna, yana shafa nasa gemun.

"Malam, an saki sunna ke nan?"

Na ce, "Alhaji, na bar gemun a kudu ne don in dawo da haɓar."

Abin da tafiyar ta koya min ba shi da yawa. Man da kuke zubawa a mota kuna zagin tsadarsa, akwai wanda ya tsaya a bakin mutuwa kafin ya zo muku, kuma ba shi ke hawa motar ba. Sannan ba kowane rami ake toshewa da giris ba. Gemun ya fara fitowa, fari ya fi baƙi yawa, yana ta ƙaiƙayi. An ce akwai wata tukunyar da za a kwashe. In sun kira, da hannuna zan aske, ba sai an fesa min ɗaci ba.